Hakiman Santambul

Jiya a zauren dagacinmu nan ƙauyen Ringim hira ta kai mu Daular Usmaniyya, ta Turkiyya fa nake nufi ba ta Shehu ba. Su lardi eyalet suke ce masa, ƙarƙashinsa sanjak wato gunduma, alƙali kuma daga Santambul ake naɗo shi. Abin da ya burge ni timar ne, a ba barde harajin wasu ƙauyuka ya ci, in yaƙi ya tashi ya fito da dokinsa, amma ƙasar ta Sarki ce. Daga 1695 aka fara sayar da karɓar haraji har mutuwar wanda ya saya, manyan gari wato ayan suka yi ƙiba, har a 1808 sai da Sarki Mahmud na biyu ya yi yarjejeniya da su. Dagaci ya ce ai shi gara timar ɗin.