Sha ka fashe ba ƙibar lafiya bace

Jiya a gidan biki a Tudun Wada da ƙyar na gane ƙawata wallahi, fuska ta kumbura, ciki ya fito, ƙafafu sun tsotse. Ashe ƙwayar dexamethasone, wadda ake kira sha ka fashe, take sha wai ta ciko kafin aurenta, raina ya ɓaci sosai. Ruwa ne fa da kitse suke taruwa inda bai kamata ba, ga ciwon suga ga hawan jini, ƙashi ya yi rauni, garkuwar jiki ta faɗi. Kuma dan Allah wadda ta daɗe tana sha kar ta bari lokaci ɗaya, tana iya galabaita har ta suma, ta je asibitin koyarwa na ABU dake Shika ko wani asibitin likita ya rage mata a hankali.