Kafin ka kunna wuta a wuyan tirela

Shekarata biyu da maigidana ya yaye ni aka kawo mini wata tirela mai jigilar siminti. Direban ya nuna mini wata tsaga a gefen bodi, can gaba, daidai inda wuyan tirela ke hawa kan mota. Tsawonta bai wuce tafin hannu ba. Ya ce, "Malam, ɗan ɗige mini ita, lodi na jirana." Na jawo injin walda, na bi kan tsagar da wuta, na goge, na shafa fenti, na karɓi kuɗina. Ban yi minti arba'in ba.

Bayan mako uku motar ta dawo. Sabuwar tsaga ta fito a gefen waldar da na yi, ta ninka ta farko tsawo. Direban ya ce tun daga Mokwa yake jin "ƙwas" a bayansa duk lokacin da ya taka birki ko ya ɗauki hanya, haka ya lallaɓo da ita har Kano da addu'a a bakinsa. Na aika aka kira maigidana. Da ya zo bai ko dubi waldata ba, tambaya ɗaya ya yi mini: "Yaro, ran nan ka raba ta da kan kafin ka kunna wuta?" Na ce, "A'a, Baba." Ya sa aka sauke ƙafafun tirelar, aka zare kan motar, muka shiga ƙarƙashi da tocila. Biyu daga ƙarafan gicciye da ke riƙe da farantin wuya sun rabu da shasi, farantin kuma ya lotsa sama. Tun ranar farko ciwon yana nan, ni kuwa na rufe abin da ke nuna shi na sallami mutum ya hau hanya da tan 30 a bayansa. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi, don da ƙusar da ke riƙe tirela da kan mota ta fizge a gangara, ba asarar siminti kaɗai za a yi ba.

Ƙannena masu koyon wannan sana'a, ku fahimci wurin nan da kyau. Babu abin da ke riƙe tirela da kan mota sai ƙusa guda a ƙarƙashin farantin wuya mai kaurin inci 2, wato kusan milimita 50, wadda ke shiga bakin tantebur, wato faifan ƙarfen da ke bayan kan mota inda wuyan tirela ke zama, ta kulle. Motocin ɗaukar manyan injuna ne ke amfani da mai inci 3 da rabi. Duk jan da kan mota ke yi, duk turin da kaya ke yi in an taka birki, duk murɗawar da ake yi a kwana ko in taya ɗaya ta faɗa rami, ta wannan ƙusa suke bi su shiga faranti, daga faranti su shiga ƙarafan gicciye, sannan shasi. Ƙarfe kuma yana gajiya. Ɗauki waya ka riƙa lanƙwasa ta gaba da baya, za ka ga ta karye ba tare da ka ja ta da ƙarfi ba. Haka wuyan tirela yake lanƙwasawa kaɗan kaɗan, sau dubbai tsakanin Legas da Kano. In aka ɗora buhu 900 a bodin da aka ƙera don buhu 600, an kai tan 45 ke nan, gajiyar sai ta zo da wuri. Bodin sama siriri ne, shi yake fara tsagewa in abin da ke ƙarƙashinsa ya soma motsi.

Saboda haka aikin farko shi ne a sauke kaya, a sa wa tayoyi waigi, a raba tirela da kai. Direban da ya ce ba shi da lokacin wannan, ku ba shi haƙuri ya tafi wani wurin. A wanke tsohon giris tas, don giris da ƙura suna ɓoye tsaga fiye da fenti. Ku nemi jan gari kamar na tsatsa yana fitowa daga bakin walda ko kewayen noti, alama ce ƙarfe biyu na gugar juna a wurin. Ku ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan farantin ku ga ko haske na wucewa ta ƙarƙashi. Inda ido ya yi shakka, akwai dabarar da na koya a makare: a shafa kananzir, a bar shi ya ɗan jima, a goge wurin ya bushe, a shafa garin alli. Kananzirin da ya shige cikin tsaga zai fito ya zana ta a kan allin, har inda ta ƙare. Sau da yawa ƙarshenta ya wuce inda ido ke gani.

Sanin ƙarshen nan shi ne rabin gyaran. A huda ƙaramin rami a kowane ƙarshe don tsagar ta rasa bakin ci gaba, a gurza tsawonta a buɗe ta kamar kwari har a kusa ratsa kaurin ƙarfen, sannan a cika da walda daga tushe. Ni a wancan karon sama kawai na lulluɓe, cikin yana nan a tsage. Kuma da sandar walda mai lamba 6013 na yi, wadda muke ƙofa da taga da ita. Irin wannan wuri 7018 yake so, busasshiya, ba wadda ta kwana a buɗe cikin damina ba. Kada a manta da cire batir in har kan motar na haɗe da abin da ake yi wa walda.

Kuskurena na biyu ya zo ne daga son gyara na farko. Na koma ina manna faci mai kauri, mai kusurwa huɗu, ina zagaye shi da wuta ko'ina, ina ganin na yi aikin ƙwarai. Sai tsaga ta riƙa fitowa daidai bakin facin. Dalili kuwa, wurin ya yi tauri fiye da maƙwabtansa, lanƙwasar duka ta taru a layi ɗaya. Faci ya kasance kusan kaurin ƙarfen da yake kai, a yanke bakunansa su tsuke kamar kifi, ya wuce tsagar sosai ta kowane ɓangare. Kada a ja walda a gicciye a kan leɓen shasi na sama ko na ƙasa, nan ne ƙarfin shasin yake. In faranti ya lotsa ko tsatsa ta cinye shi, a cire a sa sabo, faci ba ya maganinsa.

Sai ita ƙusar. Za a zo muku da wadda ta sirance a ce ku cike ta da walda ku gurza ta koma daidai. Na taɓa yi, kuma ina roƙon Allah Ya yafe mini. Ƙarfenta an gasa shi ne a masana'anta ta yadda zai jure, zafin walda yana ɓata wannan gashin, ta koma mai saurin karyewa alhali a ido tana sheƙi. A auna wuyanta da ma'auni. Mai milimita 50 in ta sauka ƙasa da 49, lokacin canji ya yi. A duba bakin tantebur ɗin ma, don in ya saki, duk tashi da tsayawa duka yake kai wa ƙusar, sabuwa ma ba za ta daɗe ba.

In tankar mai ce aka kawo, kada wuta ta kusance ta sai an wanke ta an tabbatar babu tururin mai a ciki. Tankar da babu komai a cikinta ta fi cikakkiya haɗari.

Da an gama, a shafa sabon giris, a haɗa, a ja kaɗan da birkin tirela a ɗaure don a tabbatar ta kulle. Ni fenti mai haske nake shafawa siriri a kan gyaran, ba na lulluɓe shi da wani abu mai kauri, kuma ina gaya wa direba ya biyo ta wurina bayan tafiyar farko da kaya mu sake raba ta mu duba. Wannan dubawar ba na karɓar ko sisi a kanta.