Awa Goma Sha Biyu a Gaban Inji

Shekara huɗu ke nan ina aiki a wata masana'antar roba a Sharaɗa, amma har yau sunana ɗan wucin gadi. Awa goma sha biyu a tsaye, ƙarar janareta a kunne, ƙaurin narkakkiyar roba a hanci. Wallahi ko na kwanta sai in riƙa jin injin yana juyawa a kaina.

Gajiyar jiki ma da sauƙi, lissafi ne ke hana barci. Tunda aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin adaidaita kaɗai ya isa mutum kuka. Mafi ƙarancin albashin naira 70,000 kuwa, mu dai a rediyo muka ji shi. Ga shi a dangi kai ne "mai aikin kamfani": suna, biki, maganin Inna, duk kai ake kallo.

Jiya wani dattijo da muke layi ɗaya ya nemi izinin zuwa jana'izar yayansa. Shugaban sashe ya ce: "Baba, in ka fita za a yanke na yini." Bai ce uffan ba, ya gyara hularsa, ya koma bakin inji. Ni ne ma na kasa cin abincin rana.