Daga Dutsen Nebo zuwa bakin Kogin Urdun

Direbanmu ya ce mu fara da garin Madaba na ƙasar Jodan kafin mu gangara kwarin Urdun, don rana ba ta da sauƙi a can ƙasa. A cikin cocin Saint George akwai taswirar da aka jera da ƙananan duwatsu masu launi a daɓen ƙasa tun ƙarni na 6. Kogin Urdun na nan a kanta, ya miƙe har Tekun Gishiri, ga kifaye suna iyo a ciki. Ɗaya daga cikinsu ya iso bakin tekun ya juyo da baya. Wanda ya yi aikin nan ya san ƙasarsa, domin kifi ba ya rayuwa a ruwan can.

Daga nan muka hau Dutsen Nebo, inda Maimaitawar Shari'a sura 34 ta ce Annabi Musa ya tsaya aka nuna masa ƙasar da ba zai taka ba. Hazo ya rufe nesa, amma mun hango Yariko, kore a tsakiyar ƙasa mai launin toka. Kogin kam ba mu gan shi ba. Sai wani siririn layin itatuwa a tsakiyar kwarin, wanda jagoranmu ya ce a ƙarƙashinsa ruwan yake.

Gangarar ba wasa ba ce. Nebo na sama da matakin teku da kimanin mita 800, bakin Tekun Gishiri kuwa ya fi mita 400 ƙasa da matakin, duk a cikin tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Kunnuwa suka toshe, muka tuɓe rigunan sanyi. Kogin ma haka yake gangarowa: ya taso daga maɓuɓɓugan gindin Dutsen Harmon, wato Hasbani da Dan da Baniyas, ya shiga Tafkin Galili wanda tuni yake ƙasa da teku da mita 200 da ɗoriya, ya fito ya karɓi ruwan Yarmuk da na Zarƙa, wanda Littafi Mai Tsarki ke kira Yabbok, inda Yakubu ya kwana yana kokawa. Duka tsawonsa kimanin kilomita 250 ne. Direban, Musulmi ne, ya nuna arewa da hannu ya ce a wannan kwarin ne kaburburan sahabbai Abu Ubaida da Mu'azu bin Jabal suke, in muna da lokaci.

A Al-Maghtas, wurin da ake cewa Yahaya ya yi wa Yesu baftisma a bakin kogin, ba a barin mutum ya yi yawo yadda ya ga dama, saboda iyaka ce. Sai bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 1994 tsakanin Jodan da Isra'ila aka kwashe nakiyoyin da ke wurin, masu tonon tarihi suka shiga, a 2015 kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Mun wuce tudun da ake dangantawa da Annabi Iliya, muka bi wata hanya cikin kurmi da ƙudaje, muka ga kufan tsofaffin coci-coci da matakalar da a da take sauka cikin ruwa. Yanzu kogin ya kauce ya bar ta.

Da muka iso dandamalin katako, wata dattijuwa a ayarinmu ta dafa ƙarfe ta leƙa, ta juyo wajen fastonmu.

"Baba Fasto, ina kogin?"

"Ga shi nan gabanki, Mama."

"Wannan? To ai ko kwalbatin bayan gidanmu ya fi shi ruwa da damina."

Kowa ya yi dariya, har sojan da ke zaune a inuwa ya murmusa ko da yake bai ji Hausa ba. Ruwan launin ƙasa ne, da ƙyar yake motsi, faɗinsa 'yan mitoci. A ɗaya gaɓar, Ƙasr al-Yahud, mutane cikin fararen riguna suna nutsewa suna waƙa, muna jin kowace kalma.

Fasto ya ce Mama ba ita ta fara wannan ƙorafi ba. Ya buɗe 2 Sarakuna sura 5, inda Na'aman, sarkin yaƙin Suriya mai kuturta, ya fusata da Elisha ya aike shi wanka sau bakwai a nan, yana cewa Abana da Farfar na Dimashƙu sun fi dukan ruwayen Isra'ila. Barorinsa ne suka lallashe shi. Ni dai ina ganin Mama ta fi Na'aman hujja. Kogin da ya raina yana cika ya tumbatsa a lokacin girbi, kamar yadda Joshuwa sura 3 ta faɗa a labarin ranar da firistoci suka taka ruwa ɗauke da Akwatin Alkawari, ruwan ya tsaya can nesa a Adam, jama'a suka haye daura da Yariko. Irmiya ma ya ambaci zakuna a kurmin bakinsa. Abin da ke ba labaran nan nauyi shi ne hayewa: Musa bai haye ba, Joshuwa ya haye, Iliya ya bugi ruwan da alkyabbarsa ya haye gabas, Elisha ya dawo shi kaɗai. In kogi bai fi ƙarfin ƙafa ba, ba a ba da labarin hayewarsa.

Abin da ya rage shi ba asiri ba ne. Tun 1964 Isra'ila ke janye ruwa daga Tafkin Galili, Jodan na ɗibar Yarmuk ta magudanar Sarki Abdullah, Siriya ta yi nata madatsun. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da a da ke isa Tekun Gishiri ba ya isowa, shi ya sa tekun ke ja da baya kusan mita ɗaya kowace shekara. Mun ga gonakin ayaba da tumatir a hanya, don haka mun san inda ruwan ya tafi, kuma ban iya cewa manomin ya bar shukarsa ta bushe ba.

Mama dai ta cika gorarta biyu. Jagora ya roƙe ta kada ta sha, don akwai ruwan gonaki da na kwata a ciki. Ta ce na jikokinta ne da za a yi wa baftisma, kuma za ta tafasa shi tukuna.