Gaɗa Ba Ta Zuwa a Zaune

Ranar da Malam ya amince da batun kundina, wato waƙoƙin gaɗa na 'yan mata, bai ba ni jerin littattafai ba. Cewa ya yi, "Ki je wurin masu abin, ki dawo mini da abin da kunnenki ya ji." Ba a yi mako biyu ba aka tsunduma yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda ya fara a Fabrairu bai ƙare ba sai Oktoba. Wata takwas ba lakca, ba jarrabawa, ba mai tambayata ina aka kwana. In na tashi na yi aiki, to. In na kwanta, ba wanda zai sani sai ni.

Wata biyun farko a ɗaki na cinye su, ina kwafo ma'anar gaɗa daga kundayen waɗanda suka gabace ni. Kowa na maimaita na gabansa: wasan 'yan mata ne a dandali da dare, musamman lokacin farin wata, ba ganga ba kalangu, sai tafi da waƙa, ɗaya na bayarwa saura na amshi. Duk gaskiya ne. Amma na cika shafi goma sha biyu ban san inda ake ɗaga murya ba, ban san inda tafi ke sauyawa ba.

Sai na tafi Gwarzo wurin ƙanwar kakata, wadda muke ce wa Iya. Na ajiye waya a kan tabarma, na buɗe littafi, na ce ta faɗo mini baitocin a hankali in rubuta. Ta fara, ta kai layi na biyu, ta tsaya. Ta sake farawa, ta sake tsayawa a wuri ɗaya. Can ta dube ni ta ce, "Ke kishiya, ai ba ta zuwa a zaune." Ta aika aka kira maƙwabciyarta da matan 'ya'yanta biyu, ta yi ɗamara da gyale, suka ja rabin da'ira a tsakar gida. Da tafi ya kankama, waƙar da ta maƙale ɗazu ta kwararo har baiti tara, da habaicin uwar miji, da kukan yarinyar da aka ba wanda ba ta so. A tsaye suke faɗar abin da ba za su iya faɗa wa iyayensu a zaune ba, kuma tafin ne garkuwarsu.

Daga nan Iya ta ce in shiga tsakiya, in juya baya, in faɗo a cafe ni. Sau uku ina lanƙwasa gwiwa ina waiwaye. Ta ce wadda ba ta yarda da hannun ƙawayenta ba, ba ta gaɗa. A na huɗu na rufe ido na saki jiki, na ji tafuka shida a bayana sun cilla ni gaba daidai kan amshi. A daren na soke rabin abin da na rubuta.

Da aka koma makaranta na ga ba zan iya barin abin a takarda ba, na nemi kafa ƙungiyar ɗalibai mata. Ofishin kula da al'amuran ɗalibai ya nemi tsarin mulki, da sunayen shugabanni, da malama guda da za ta zama uwar ƙungiya. Wannan bai ba ni wahala ba. Kalmar rawa ce ta ba ni wahala. Wasu na jin ta sai su ɗauke kai, don a wurinmu 'yar mutunci ba ta son a ce mata 'yar rawa. Ban ga laifinsu ba, ni ma a gidan da aka san haka na tashi. Na riƙa bi ɗaki ɗaki ina bayani: mata zalla, a farfajiyar ɗakunan kwananmu, bayan sallar isha, daren Asabar. Mu biyar muka fara. Cikin wata guda mun kai ashirin da ɗoriya. Wata 'yar Maraɗi ta zo da baitocin da Iya ba ta sani ba, a kan amshi iri ɗaya, wata 'yar Binuwai kuma ta koya mana rawar swange irin ta Tibi, muka sha fama da lanƙwasa ƙugu.

Kuskuren da har yau yake ci mini rai shi ne ban hana ɗaukar bidiyo ba tun ranar farko. Na ɗauka kowa ta san iyaka. Wata ta ɗauka don sha'awa ta sa a WhatsApp, kafin gari ya waye ya kai ga yayan ɗaya daga cikinmu. Yarinyar ita ce mai muryar da ta fi ta kowa a bayarwa. Ta zo ta same ni idonta jawur ta ce, "Anti, an ce in na sake, an gama karatun." Ba ta sake zuwa ba. Ni na kira su, ni na ce musu wurin sirri ne, ban kuwa tsare sirrin ba. Daga ranar muka ajiye kwando a bakin ƙofa, kowa ta saka wayarta kafin ta shigo, har da ni da nake buƙatar naɗar murya don kundi. Sai na koma haddacewa, in rubuta bayan an tashi, washegari in karanta musu su gyara.

Babi na huɗu na kundin daga wannan kwandon ya fito. Malam ya karanta ya yi ta jan layi a ƙarƙashin bayanin tafi, ya ce in ƙara faɗaɗa shi. Kafin in gama na miƙa ƙungiyar ga wata 'yar aji biyu, na bar mata littafin baitoci da dokar waya.

Bayan an ɗinke kundin na kai wa Iya kwafi ɗaya. Ta juya shi a hannu, ta sa shi ƙarƙashin matashi, ta tambaye ni su nawa ne a cikin yaran suka iya cafewa ba tare da sun kalli juna ba. Na ƙirga na ce shida. Ta ce in kawo mata su da kaka, in an gama girbi wata ya yi fari.