Warin da ya tashi daga kejin mesata

Tun shekaranjiya wani wari mai hawa kai ke tashi daga kejin mesata, boa ɗin nan 'yar Kudancin Amurka. Hankalina ya tashi matuƙa, don maciji mai lafiya ba ya wari haka. Na duba bakinta ko ya fara ruɓewa, na duba cikinta, lafiya lau. Sai da na kwashe shimfiɗar kaf na tarar ta amayo ɓeran da ta haɗiye, yana ƙarƙashin maɓoyarta. Sanyin dare ne ya hana shi narkewa, domin ɓangaren kejin da ake ɗumama mata na bukatar digiri 30 zuwa 32. Za ta huta mako 2 kafin in ba ta ƙaramin abinci. In ta sake amai, sai likitan dabbobi.