Yawan Bulo Ba Shi Ne Aiki Ba: Shawara Ga Ƙannena Masu Shiga Sana'ar Gini

A yawancin wuraren gini a Kano da Kaduna da Abuja, hanya biyu ake biyan magini: ko dai a ba shi kuɗin yini, ko kuma a yi jinga da shi a kan yawan bulon da ya jera. Matashin da bai daɗe da riƙe cokalin gini ba yakan fi son jinga, domin da yamma yana iya ƙirga abin da ya samu da idonsa. Ni ma a kan jinga na taso, kuma ita ce ta sa na daɗe ina auna kaina da yawan bulo, alhali mai gida da injiniya suna auna ni da abin da ya rage a tsaye bayan an duba aikin.

Babbar asarar da na jawo wa kaina ta fito ne daga kusurwa. Saboda gudun ɓata lokaci, sai in ɗaura igiya da ƙiyasin ido in hau jera bulo, ina ganin cewa tsayawa awo aikin masu koyo ne. Abin da ban gane ba shi ne, karkatar da ba ta kai faɗin yatsa ba a layin farko, kafin a kai linta, wato kankaren da ake zubawa a saman ƙofa da taga, ta zama abin da kowa zai gani daga bakin ƙofa. An taɓa sa ni rushe bangon ɗaki guda da hannuna, ba a biya ni kuɗin ginin ba balle na rushewar, kuma leburan da ya yini yana ɗauko mini kwaɓi shi ma sai da na sallame shi daga aljihuna. Sauri ya haifi nawa. Abin takaicin kuwa, awon da na raina bai fi minti goma ba: a auna ƙafa 3 a gefe ɗaya na kusurwar, ƙafa 4 a ɗaya gefen, idan tsakanin alamomin biyu ya ba da ƙafa 5 daidai, to kusurwa ta zauna. Bayan haka a riƙa ɗora lebul, wato ma'aunin daidaiton bango, a kan kowane layi, kada a bari sai bango ya kai ƙirji.

Ko da ba a rushe bango mai karkata ba, wani ne zai biya kuɗinsa. Mai filasta zai cika ramin da kwaɓi mai kauri, siminti ya tafi a banza, mai tayil ya zo yana yanka gefe-gefe yana tsaki, kafinta kuma ya tarar ƙofarsa ta ƙi zama. Waɗannan mutane su ne ake tambaya idan ana neman magini a wani aikin, kuma ba sa mantuwa.

Sai batun kwaɓi, wanda a nan ne na fi ganin matasa suna maimaita abin da na yi. Nakan sa a kwaɓa da yawa tun da safe don kada in tsaya jira, idan ya fara daskarewa a rana sai in ce a ƙara ruwa a juya. A ido yakan koma kamar sabo, amma siminti da zarar ya haɗu da ruwa ya fara kamawa, kuma ƙarin ruwa daga baya ƙarfinsa yake ragewa. Ku kwaɓa abin da za ku iya cinyewa cikin kamar awa ɗaya, musamman a zafin Maris zuwa Mayu da kuma lokacin hunturu, sa'ad da busasshiyar iska take shanye danshi da wuri. Ku yayyafa wa bulo ruwa kafin ku ɗora shi, don kada ya tsotse ruwan kwaɓin. Haka nan kankare: idan injiniya ya ce 1:2:4, to buhun siminti mai kilo 50, wanda yake cika kwanon lebura kusan biyu, yana tafiya ne da kwano 4 na yashi da 8 na tsakuwa. Bayan an zuba, ana ba shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma sai ya kwana 28 ake lissafin ya kai ƙarfin da aka tsara masa. Duk wanda ya matsa muku ku cire katakon da ke tallafe da dakin, wato rufin kankare, kafin injiniya ya ba da izini, ku ba shi haƙuri cikin ladabi, ko da shi ne mai kuɗin.

Saurin gaskiya kuwa daga shiri yake zuwa. Da na fara lura, sai na ga yawancin lokacin da ke salwanta a wurin gini jira ne: magini yana sama yana jiran kwaɓi, lebura yana jiran ruwa, mai ruwa yana jiran a biya shi. Wanda ya sa aka jera masa bulo kusa da bango tun da yamma, aka cika duro, aka tankaɗe yashi, sannan ya fara aiki bayan sallar Asuba kafin rana ta buɗe, zai wuce mai ƙarfin damtse ba tare da ya wahalar da kansa ba. Ku kuma kyautata wa leburanku, ku biya shi kafin guminsa ya bushe, domin hannunku ba zai wuce ƙafarsa sauri ba.

Abin da ya fi tsayar da ni wuri guda shi ne girman kai game da takardar zane. Ina jin kunyar in ce ban iya karanta ta ba, sai in jira a nuna mini da yatsa, har yaran da na koya wa riƙe cokali suka zama masu kula da aiki ina ƙarƙashinsu. Karatun ba mai yawa ba ne. A san cewa 225 a zane, wato milimita 225, yana nufin bulo mai inci 9, 150 kuma mai inci 6, a san cewa bulo kusan 10 ne ke rufe murabba'in mita ɗaya, a iya bambanta rodi mai milimita 12 da mai 16. Wanda ya san wannan zai iya yi wa mai gida lissafin kaya, ya karɓi aiki da sunansa. Ba banza ba ne ake ɗauko masu tayil da masu silin daga Togo da Jamhuriyar Benin zuwa Abuja da Legas, tsabtar aiki da daidaiton awo ake saye a wurinsu.

Ku nemi takardar shaida tun kuna da ƙuruciya. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana yin gwajin sana'a mai matakai uku, daga na 3 zuwa na 1, hukumar ITF da aka kafa a 1971 mai hedikwata a Jos tana da shirye-shiryen horar da masu sana'ar hannu, hukumar NBTE da ke Kaduna kuma ita ke kula da tsarin shaidar ƙwarewa na ƙasa. Manyan kamfanonin gini sukan tambayi irin waɗannan takardu kafin su ɗora mutum a kan ma'aikata, don haka ku je ofishin da ya fi kusa da ku, ku tambayi sharuɗɗa da lokacin rajista.